Leonhard Euler, Ɗan Fasto Gwanin Lissafi

'Yan'uwa, an haifi Leonhard Euler a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707. Mahaifinsa fasto ne, ya so ya gaje shi, amma malaminsa Johann Bernoulli ya ga baiwar yaron ta lissafi ce.

Euler ya yi nazarin abin da ya dogara ga abubuwa da yawa lokaci guda. Mu ma mun sani, shinkafar Bakolori tana bukatar ruwa da taki da iri mai kyau. Littafinsa na 1755 ya nuna yadda ake auna tasirin ɗaya, a bar sauran yadda suke.

Ya makance wajen 1771, duk da haka yana faɗa ana rubutawa, har ya rasu a Rasha a 1783. Kada mu binne baiwar 'ya'yanmu.