Dick Tiger: mai sayar da kwalabe da ya zama sarkin damben duniya

Da yawa daga cikinmu mun saba ciniki da Inyamurai ƴan Aba masu kawo kaya Maraɗi da Damagaram. To a kasuwar Aba ɗin nan ne wani yaro mai suna Richard Ihetu ya fara neman abinci, yana tsintar kwalabe yana wankewa yana sayarwa. An haife shi a 1929 a Amaigbo, gabashin Nijeriya. Duniya ta san shi da sunan Dick Tiger.

A 1955 ya shiga jirgin ruwa ya tafi Ingila, ya sauka birnin Libaful don yin damben turawa. Sanyi ya dame shi, abinci bai karɓe shi ba, karawarsa huɗu na farko duk an cinye shi. Wani da ya tattara ya koma gida. Shi bai koma ba. A 1958 ya ci kambun ƙasashe renon Ingila, a 1959 ya wuce Amurka.

A nan kokowa takobi ake ba sarki, can ɗamara ake ɗaura masa. A 1962 ya buge Ba'amurke Gene Fullmer ya karɓi ɗamarar duniya ta ƴan kilo 72. A watan Agustan 1963 aka kawo karawar har Ibadan, ya sake buge shi gaban mutanen ƙasarsa. Ɗamarar ta kuɓuce masa a ƙarshen shekarar, ya ƙwato ta a 1965. A 1966 ya hau ajin ƴan kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo, ya karɓe ɗamara daga hannun José Torres.

Abin da ya burge mu da shi, bai yar da halin kasuwa ba. Ba ya almubazzaranci. Kuɗin dambe ya zuba su a gidaje da sana'o'i a gida, musamman Legas.

Sai yaƙi ya zo. Bayan kashe-kashen 1966, Ojukwu ya ɓalle ya kafa Biyafara a 1967. Dick Tiger ya bi ɓangaren mutanensa, aka ba shi muƙamin laftana, aikinsa horar da sojoji da ƙarfafa musu gwiwa. A Amurka kuma ya zama bakin Biyafara, yana faɗa wa ƴan jarida yadda yunwa ke kashe yara. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi, don tana ba gwamnatin Gowon makamai. Ko mutum ya yarda da ɓangaren da ya ɗauka ko bai yarda ba, ya san abin da zai yi asara, kuma ya yi ta. Dukiyar da ya tara ta salwanta, hukuma ta ɗauke shi ɗan tawaye.

Ƙarfi ma ya fara ja baya. A 1968 Bob Foster ya sumar da shi a turmi na 4, ya karɓe ɗamarar. Karawarsa ta ƙarshe a 1970 ce. Daga nan tsohon sarkin duniya ya kama aikin gadi a wani gidan tarihi a birnin Niyok. Can likitoci suka gano sankarar hanta.

Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairun 1970, aka bar shi ya koma gida. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42.