Malam Aminu Kano: Malamin Makarantar Da Ya Ajiye Alli Saboda Talaka

Duk wanda ya taɓa hawa adaidaita sahu ya bi titin Zariya ta Gyadi-Gyadi ya san asibitin Malam, wanda ke ƙaramar hukumar Tarauni. Wasunmu ma a can aka haife su. To amma mu nawa ne muka san wane ne Malam ɗin?

An haifi Aminu Kano a 1920, ɗan unguwar Sudawa ne a cikin birni. Da ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 sai ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimi. Bayan ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya aka tura shi Maru ya shugabanci makarantar horon malamai.

A lokacin fa, wannan aiki ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Amma a 1950, yana ɗan shekara 30, Malam ya ajiye shi ya dawo Kano ya rungumi NEPU, jam'iyyar da ta tsaya wa talaka a kan zaluncin Turawa da na En'e. A 1953 ya zama shugabanta. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala, shi kansa ya faɗi zaɓen 1954 a hannun Maitama Sule. Bai sauya sheƙa ba. Sai a 1959 ya shiga majalisar wakilai a Legas.

Zamanin Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya, sannan na lafiya. Ya yi takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979 bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kawo Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, aka soke haraji da jangali. Ya kuma daɗe yana fafutukar mata su yi ilimi, su jefa ƙuri'a.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai tara abin duniya ba. Gidansa na Mambayya yana nan a Gwammaja, kowa na iya zuwa ya gani.

'Yan uwa matasa, kafin wani ya saya mana data mu kwana muna zagin juna a Facebook saboda shi, mu fara tambaya tukuna: shi me ya taɓa ajiyewa saboda talaka?