Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Ina so in ba ku tarihin wani malami na ƙasarmu wanda ya rasu kusan shekara 300 da suka wuce. Ni ɗalibi ne a sashen koyon kwamfuta, kuma na sha jin dattawa a nan Unguwa Uku suna cewa wannan ilmi baƙo ne, ba mu gaje shi ba, gara yaro ya bi tela ko makaniki. Na'urar kam baƙuwa ce, ba musu. Amma tunanin da ke tafiyar da ita, ina ganin muna da gado a cikinsa.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. A littattafan Larabci ana kiransa Alfullani Alkashinawi, watau Bafulatanin Katsina. Ya tashi a lokacin da Katsina take cike da malamai da fatake, bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ya yi karatu wurin malamai da yawa, cikinsu har da Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu. Ya san nahawu da manɗiƙi da ilmin taurari, amma inda ya fi shahara shi ne hisabi.

Wajajen shekara ta 1730 ya yi aikin Hajji. Ku tuna a wancan zamani ba mota, ba jirgi irin na yau, sai ƙafa da raƙumi, mutum yakan yi shekaru bisa hanya. Ya zauna a Makka na ɗan lokaci, sa'an nan ya wuce birnin Alƙahira na ƙasar Masar. A shekara ta 1732 ya rubuta littafinsa mai suna Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da hatimi. Wannan littafi shi ne dalilin rubutuna.

Kowa a cikinmu ya san hatimi, ko a jikin allo ko a cikin laya. Amma mutum nawa ne suka taɓa tsayawa suka ƙirga abin da ke ciki? Ɗauki hatimi mai gida uku-uku. Layin sama 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2. Haɗa kowane layi a kwance, za ka sami 15. Haɗa a tsaye, 15. Haɗa daga kusurwa zuwa kusurwa, har wa yau 15. Ba a maimaita lamba ko ɗaya ba, ba a kuma bar ko ɗaya ba.

To, yaro mai haƙuri yana iya gwadawa yana sharewa har ya dace da wannan ƙaramin. Amma idan gidajen suka zama biyar-biyar, lambobi 25 ke nan. Idan tara-tara ne, 81. Nan fa dace ba ya aiki, sai ƙa'ida. Abin da Malam Muhammadu ya yi shi ne ya bayyana hanyoyin cika hatimin da gidajensa ba su rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7, mataki bayan mataki, yadda ɗalibi zai bi ya isa ba tare da lalube ba. Akwai ma ƙa'idar sanin jimlar layi tun ba a fara ba. A na biyar-biyar, ka ƙara 1 a kan 25, ka raba biyu, ka sami 13, ita ce lambar tsakiya; ka ninka ta sau biyar, ka sami 65.

Ga wata hanya sananniya da malaminmu ya koya mana a aji, don ku ga irin aikin. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, hau gida ɗaya sama, ka matsa ɗaya dama. In ka fita ta sama, shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, shigo ta hagu. In ka tarar gidan da mai shi, koma inda kake ka sauka gida ɗaya ƙasa. Shi ke nan. Umarni ne 'yan kaɗan, amma za su cika maka hatimi mai gida 99 a kowane gefe, in kana da takarda da lokaci.

Irin wannan jerin umarni shi ake kira algoridim, kuma shi ne ƙashin bayan duk abin da muke koya. Kalmar ma daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, wani masani da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da aka jera mata shi take bi, in ka manta sharaɗi guda sai ta ɗora lamba a kan lamba ba ruwanta. Saboda haka nake ganin wanda ya iya danna waya kawai, ko ya iya sa mata waƙoƙi a kasuwar Farm Centre ta Tarauni, bai fara ba tukuna. Ko da yake dannawar ma ba abin rainawa ba ce, tun da daga shekara ta 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, kuma ɗan da bai taɓa riƙe ta ba yakan shiga ɗakin hannunsa na rawa.

Kada kuma mu ɗora wa Malam abin da bai yi ba. Bai ƙera na'ura ba, bai kuwa yi mafarkinta ba. A zamaninsa lissafin hatimi yana haɗe da sha'anin asirai, har ma ya rubuta wani babban littafi, Durrul Manzum, a kan sihiri da ɗalasimai da taurari, abin da malamai da yawa ba su yarda da shi ba. Wannan hukunci na bar wa masana addini. Ni dai lissafin nake dubawa, shi kuwa daidai yake har gobe.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda shi ma gwani ne a hisabi da ilmin taurari. A gidan nan Allah ya yi masa rasuwa a shekara ta 1741, watau 1154 ta Hijira, ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Bai sake ganin Katsina ba. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar da fiye da shekara goma, shi ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin baƙon mahaifinsa a cikin littafinsa. Ta nan muka san yawancin abin da muka sani game da shi.

A shekara ta 1967 Malam Hassan Gwarzo, mutuminmu na Kano, ya yi nazari a kan aikinsa, aka buga a Ibadan. A 1973 kuma wata malamar lissafi a Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hatimansa a littafinta kan lissafin mutanen Afirka, har yaran wasu ƙasashe suka riga mu jin sunansa. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa Aljanna ce makomarsa.