Adolphe Sax, maƙerin kayan busa

Duk yaron Dakoro ya san sarewar makiyaya. Wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ran salla kuwa ya ji algaita da kakaki a ƙofar fada. To, Turawa ma suna da wani abin busa mai suna saksofon. Da tagulla ake ƙera shi. A bakinsa akwai wani ɗan siririn kara, shi ne ke kaɗawa ya ba da amo idan an hura, kamar dai na algaita. Sunan wanda ya ƙago shi Adolphe Sax.

An haifi Sax ran 6 ga watan Nuwamba 1814 a garin Dinan, cikin ƙasar Beljik ta yanzu. Ubansa mai ƙera kayan busa ne. Yana jinjiri suka ƙaura zuwa Burusel. Da ƙuruciyarsa ya sha tsallake rijiya da baya. Ya faɗo daga bene, ya haɗiye allura, albarushi ya ƙone shi, ya kuma faɗa kogi. Amma kwanansa na gaba. A maƙerar ubansa ya tashi, ya koyi ƙira, ya kuma koyi busa.

A 1842 ya tafi birnin Pari na Faransa. Wani mashahurin mai tsara kiɗa, Berlioz, ya ga aikinsa ya yaba shi a jarida. A watan Afrilu 1845 aka shirya gasa a wani babban fili gaban dubban mutane. Makaɗan soja suka kasu biyu: wasu da tsofaffin kaya, wasu da kayan Sax. Na Sax suka ci. A 1846 gwamnati ta ba shi takardar shaida cewa shi ya ƙago saksofon.

Ba iri ɗaya ya ƙera ba. Zuriya guda ya yi, daga ƙarami mai siririyar murya har zuwa babba mai murya kamar ta bajimi. Sai ga wata matsala. Makaɗan Turai ba da ka suke koyon kiɗa ba, a takarda suke karanta shi. Kaɗan ne ƙwarai suka taɓa rubuta wa wannan baƙon abu kiɗa. Ga doki ga sirdi, amma babu hanya. Abokan sana'arsa kuma suka sa shi gaba da hassada, kullum yana gaban alƙali.

Sax ya gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya nemi abokansa masu tsara kiɗa. Georges Kastner ya rubuta littafin koyon saksofon, ya sa kiɗan mutum shida a ciki. A 1857 aka ba Sax aikin koya wa sojoji busa a babbar makarantar kiɗa ta Pari. A wannan shekara ce abokinsa Jean-Baptiste Singelée, mutumin Burusel, gwanin gogen Turawa, ya tsara kiɗan saksofon huɗu. Yana cikin na farko irinsa a duniya.

Wannan ba kiɗan fili ba ne. Kiɗan zaure ne, babu ganga, babu mai ba da umarni. Mutum huɗu ke zaune, kowa da girman saksofon nasa. Ɗaya ya ɗauko, sauran su tare masa, sa'an nan ya sakar wa wani, kamar mawaƙi da ƴan amshinsa. Dole kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa. In ɗaya ya nemi danne sauran, kiɗa ya ɓaci. Bayan Singelée, Jérôme Savari ya tsara na mutum huɗu, da na biyar, har da na takwas. Sax da kansa ya riƙa buga takardun, don almajiransa su sami abin busawa.

Duk da haka bai ji daɗin duniya ba. Shari'a ta cinye dukiyarsa, ya karye har sau uku: a 1852, da 1873, da 1877. A 1870, shekarar yaƙin Faransa da Jamusawa, aka rufe ajinsa. Ya rasu a Pari cikin watan Fabrairu 1894, yana matalauci.

Amma aikinsa bai bi shi kabari ba. A 1942 aka sake buɗe ajin, Marcel Mule ya zama malaminsa. Baƙaƙen Amurka suka ɗauki saksofon cikin kiɗan jaz. A Afirka, Manu Dibango na Kamaru da Fela Kuti na Nijeriya sun yi suna da shi. Kiɗan nan na Singelée kuwa, har yau ana busa shi.

Tambayoyi

1. Ina aka haifi Sax, kuma mece ce sana'ar ubansa?
2. Me ya sa ya nemi taimakon abokansa?
3. Ta ina kiɗan saksofon huɗu ya yi kama da na mawaƙanmu?
4. Kawo sunayen kayan busa uku da ka sani a garinku.