Henryk Ross: Mai ɗaukar hoton da ya binne shaida a ƙasa

A shekarun da ake ɗibar samarin ƙasar Hausa zuwa barikin soja na Zariya domin yaƙin Hitila, a can birnin Lodz na ƙasar Poland akwai wani Bayahude da ke nasa yaƙin da kyamara. Sunansa Henryk Ross, an haife shi a Warsaw a 1910, kuma kafin yaƙi sana'arsa ɗaukar hotunan wasanni da labarai wa jaridu.

Bayan Jamusawa sun mamaye Poland a 1939, sai a 1940 suka tara Yahudawan Lodz, fiye da mutum 160,000, a wata matsattsiyar unguwa, suka kewaye ta da waya. Hukumar da suka ɗora wa unguwar ta ɗauki Ross aiki a sashen ƙididdiga. Aikinsa shi ne hoton katin shaida, irin hoton fasfo da ake tsayawa ɗauka a shagunan Sabon Gari da Samaru, da kuma hotunan masana'antu don nuna cewa kowa na aiki lafiya lau.

A nan ya yi dabara. Maimakon ya ɗauki kowa shi kaɗai, sai ya jera mutane da yawa a ɗauka guda, daga baya ya yayyanka. Fim ɗin da ya rage masa da shi ya riƙa ɗaukar abin da aka haramta: masu faɗuwa a titi saboda yunwa, gawawwaki, da yaran da ake rabawa da iyayensu. Yakan ɓoye kyamarar cikin kwat, ya buɗe, ya latsa, ya rufe, matarsa Stefania na taya shi. Da an kama su, kashe su za a yi. A 1944 ya saci jiki ya shiga tashar jirgin ƙasa ta Radegast, ya laɓe a wani ɗakin ajiya, ta wata kafa ya ɗauki yadda ake cusa mutane cikin taragu.

A watan Agustan 1944 aka kwashe kusan mutum 70,000 zuwa sansanin Auschwitz. Ross na cikin 'yan kaɗan da aka bari don share unguwar. Da ya ga alamar shi ma ba zai tsira ba, sai ya zuba fim na hotuna kimanin 6,000 a akwati, ya binne. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shigo Lodz a watan Janairun 1945, suka tarar da mutanen da ba su kai 900 ba. Shi da matarsa suna ciki. Da ya tono akwatin, ruwa ya riga ya lalata kusan rabi.

Ya koma Isra'ila a 1956. A 1961 ya tsaya a kotun Ƙudus ya ba da shaida a shari'ar Adolf Eichmann, ɗaya daga cikin jami'an da suka tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, aka gabatar da hotunansa a matsayin hujja.

Ross ya rasu a 1991. Bayan mutuwarsa ne aka baje wani ɓangaren da bai cika nunawa ba: bukukuwa, masoya, da 'ya'yan manyan unguwar cikin ƙoshi alhali maƙwabtansu na mutuwa da yunwa. Bai rufa wa nasa mutanen asiri ba, kamar yadda bai rufa wa azzalumai ba. Tun 2007 hotunan suna ajiye a gidan adana zane na Ontario da ke Toronto, a Kanada, da tabon ruwan a jikinsu.