Emanuel Lasker, Sarkin Darar Turawa

Tun da na fara koyon ces, wato darar Turawa, a makarantar nan, ba gwanin da labarinsa ya tsaya mini a rai kamar Emanuel Lasker. An haife shi a ƙasar Jamus a 1868. Bayahude ne, kuma masanin lissafi. Yana ɗan shekara 25 ya ka da Steinitz a 1894, ya zama zakaran duniya. Shekara 27 cur yana riƙe da kambin, kun ga ya fi shekaruna nesa ba kusa ba, kafin Capablanca mutumin Kuba ya karɓe shi a 1921.

Amma ni tsufansa ne ya fi ba ni mamaki. Da Hitler ya hau mulki a 1933, sai aka ƙwace masa gida da dukiya, ya bar ƙasar tare da matarsa. Rashi ya tilasta masa komawa wasa. A gasar Mosko ta 1935, yana da shekara 66, ya zo na uku, ba wanda ya ci shi, har ya rama wa Capablanca kayen da ya yi masa. Ya rasu a New York a 1941.