Dennis Ritchie: Magini da ya rasu duniya ba ta waiwaye shi ba

A ranar 12 ga Oktoban 2011 aka tarar da gawar Dennis Ritchie a gidansa da ke jihar New Jersey ta Amurka, yana da shekara 70. Mako guda kafin nan Steve Jobs ya mutu, hankalin duniya ya koma can, labarin Ritchie ya wuce shiru. Alhali wayoyin iPhone da Android duk a kan harsashin da ya aza suke tsaye.

An haife shi ranar 9 ga Satumban 1941 a Bronxville ta jihar New York. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, sannan a 1967 ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, inda mahaifinsa ya daɗe yana aiki. A nan ne shi da Ken Thompson suka fara gina Unix a 1969, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

A wancan zamani, zuciyar irin wannan manhaja, wadda ke rabon ma'adana da sarrafa na'urori, galibi da yaren na'ura ɗaya tak ake rubuta ta. Ritchie ya ƙirƙiro yaren C, kuma a 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da shi, abin da ya buɗe hanyar ɗaukar ta daga wata kwamfuta zuwa wata. A 1983 aka ba shi lambar yabo ta Turing tare da Thompson.

Sai dai gadon nasa kaifi biyu ne. C yana bai wa mai rubutu damar taɓa kowane lungu na ma'adanar kwamfuta, ba ya kuma tsawata masa in ya ƙetare iyaka. Idan ƙaramar manhaja ta yi wannan kuskure, ita kaɗai ke mutuwa. Idan kuwa direba ce, wato manhajar da ke aiki a cikin zuciyar, dukan kwamfutar ce ke durƙushewa. Ritchie bai ɓoye wannan rauni ba: ya taɓa rubuta cewa ba a gina Unix da tunanin tsaro ba tun farko.

Duniya ta ga girman haɗarin ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da direbar kamfanin CrowdStrike ta yi karatu a wajen iyakar ma'adana, ta kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5. Jirage suka kasa tashi, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya.

Tun 2022 masu kula da Linux suka buɗe ƙofa ga yaren Rust, wanda ke kama irin waɗannan kurakurai tun wajen rubutu. Amma har yau mafi yawan zuciyar Linux da yaren Ritchie aka rubuta ta, kuma a kanta mafi yawan manyan kwamfutocin intanet ke aiki.